Maharban Gwaraka a Fadamar Kirya

A shekara ta goma sha ɗaya ta sarautar Sarki Nagoma, bayan an gama yankan dawa, manzon ƙasar Mazarga ya iso birnin Gwaraka. Ya tsaya a zauren fada bai cire takalmi ba, ya ce ubangijinsa yana son mashigin Kirya, inda fatake ke tsallaka kogi. A kwashe masu gadin Gwaraka daga can kafin wata ya mutu, in kuwa an ƙi, to a same shi a fadamar da ke gaban mashigin. Dogarai suka zabura za su kama shi, Sarki ya ɗaga hannu ya hana. Aka raka shi har ƙofar gari ba a ba shi ko ruwan sha ba.

Kashegari da hantsi Sarki ya tara majalisar yaƙi. Galadima Tunau, dattijon fada, yana dama da shi. Madawaki Gagare, shugaban barade, yana hagu, hakimai sun jeru kowa bisa muƙaminsa. A can ƙarshe, kusa da ƙofa inda ake zuba takalma, nan ne mazaunin Sarkin Baka Mantau, shugaban maharba.

Mantau ya haura hamsin. A ƙuruciyarsa mutanen Mazarga sun kama shi a bakin iyaka, ya yi shekara bakwai a hannunsu kafin ya gudo. Ƙwarewarsa a harbi ta ba shi sarauta, amma fadawa ba su taɓa manta inda ya zauna ba, shi ma bai taɓa manta abin da ya gani a can ba.

Tun kaka da kakanni, yaƙi a Gwaraka aikin doki ne. Barade su sa sulke, a yafa wa dawaki lifidi, a jeru, a yi sukuwa ɗaya a kan abokan gaba, kafin rana ta take an gama. Masu tafiya a ƙasa, maharba da 'yan karma masu garkuwa da mashi, sai daga baya suke zuwa su ɗaure kamammu su tara ganima. Shekara arba'in wannan hanya ba ta kunyata su ba.

Madawaki ne ya fara magana. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ina da barade dubu da ɗari biyu, kowane a cikin lifidi. Mazarga ba su da ɗari uku, su ma ƙananan dawaki ne irin na masu kiwo. Ban ga abin shawara a nan ba, Zaki. A ba ni safiya ɗaya a fadamar Kirya, in kawo maka rawanin sarkinsu a bakin mashi."

Hakimai suka yi ta jinjina. Sarki ya dubi zauren ya ce, "Akwai mai magana?"

Mantau ya matso da gwiwa ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara. Ban yi musun jaruntar baraden Gwaraka ba. Amma na riƙe wa Mazarga garkuwa a yaƙi huɗu, ba da son raina ba, na san yadda suke. Sun san dawakinsu ba su kai namu ba, shi ya sa ba su jingina da su ba. A wajensu mai garkuwa yana gaba a durƙushe, maharbi yana bayansa, tsakanin kowane maharba goma akwai ɗan bindiga. Ƙananan dawakin nan da Madawaki ya raina, aikinsu su tsokane ka su juya, kai kuma ka bi su zuwa inda aka shirya maka. Duka rundunar ƙaho ɗaya take ji. Daga girbi har faɗuwar ruwa, kowace Laraba suna fita fili tare. Ɗan sarkinsu ma in aka ce ya sauka ya riƙe garkuwa, sauka yake yi."

"To me kake so a yi?" in ji Sarki.

"Su suka zaɓi fadamar, ranka ya daɗe, kuma ba don Allah suka zaɓe ta ba. Ƙasar wurin sama ce kawai ta bushe. A bar ni in hau tudun gabas da maharba tun da sassafe. 'Yan karma su shiga gaba suna caka ƙasa da mashi, don na tabbata an haƙa ramuka. A riƙe barade a baya har kibau su ɓara sahunsu, sa'an nan in busa ƙaho, Madawaki ya shigo ta gefe. In aka yi haka kowa ya yi aikinsa, mu ci su."

Madawaki ya yi dariya ba tare da ya dube shi ba. Ya ce, "Ka ji, Zaki. Jikokin sarakuna su tsaya a bayan 'ya'yan mafarauta da maƙera, suna jiran a busa musu ƙaho kamar karnukan farauta. Wannan ita ce tsarabar da ya kawo mana daga gidan iyayen gijinsa. Ni tambaya ɗaya gare ni. Mutumin da ya ci tuwon Mazarga shekara bakwai, ya dawo yana yabonsu a gaban Sarki, yana neman a ɗaure ƙafar dawakinmu ranar yaƙi, wa yake yi wa aiki?"

Mantau ya san wanda ke zaune kusa da takalma ba ya mayar wa Madawaki magana, amma bakinsa ya riga shi.

Ya ce, "Ina yi wa waɗanda ake takawa aiki. A yaƙin Tudun Gamji, da baradenka suka juyo a guje, ta kan maharbana suka bi. Mutum arba'in da uku na binne ran nan, har da ƙanena Barmo, babu ɗaya mai raunin mashi ko kibiya. Duk kofato ne. Aka dawo gida aka yi maka kirari, ba wanda ya tambayi sunan ko ɗayansu. Yanzu kuma za ka kai 'ya'yan mutane cikin taɓo don kada a ce ka jira talaka."

Zauren ya kaure. Wani hakimi ya kai hannu ga takobi. Sai da Sarki ya buga sandarsa a ƙasa sau biyu aka yi tsit.

Sarki ya ce, "Sarkin Baka, ka manta inda kake. Da hanyar kakannina aka kafa garin nan, da ita za a tsare shi. Madawaki zai ja yaƙi yadda ya faɗa, ni da kaina zan biyo shi da sahu na biyu. Kai da maharbanka da 'yan karma za ku zauna a sansani ku yi gadin kaya. In ka fitar da mutum ɗaya daga sansanin nan ba da izinina ba, kanka zai biya."

Da aka tashi, Galadima ya tarar da shi a bakin ƙofa yana neman takalminsa. Ya ce a hankali, "Gaskiya ka faɗa, Mantau. Kuskurenka a gaban jama'a ka faɗe ta."

Mantau ya ce, "Baba Galadima, kai ma ka san gaskiyar. Kana kusa da kunnen Sarki, ka yi shiru. Ni da nake bakin ƙofa dole in ɗaga murya kafin a ji ni."

Tsohon ya wuce.

Ranar fita, da aka ɗaga tambari a ƙofar gari, bugu na uku fatar ta tsage tun daga baki har tsakiya. Makaɗin ya tsaya. Mata da ke kan ganuwa suka daina guɗa. Madawaki ya kewaya da dokinsa ya ce cikin Sarkin Mazarga ne aka nuna musu yadda zai fashe, sankira ya ɗauka ya yayata, aka ci gaba da tafiya. Mantau yana can baya cikin jakunan kaya.

Kwana huɗu suka yi a hanya. Aka kafa sansani a kan wani tudu, nesa kaɗan da fadamar. Hanya ɗaya ce ke sauka daga tudun, matsattsiya, kwazazzabo a dama, sarƙaƙƙiyar ƙaya a hagu. Mantau ya daɗe yana kallon wannan mashiga, ya auna faɗinta da taku, ya samu sittin.

Da gari ya waye barade suka sauka. Mantau ya hau wata tsamiya a bakin sansani, wakilinsa Nomau, wanda suka yi shekara ashirin tare, yana tsaye a gindinta. Daga can yana ganin komai. Dawakin Mazarga kamar ɗari biyu suka fito daga cikin ciyawa, suka matso har suka jefa masu, sa'an nan suka juya kamar sun firgita. Kakaki ya yi kuka. Madawaki ya saki linzami, barade dubu suka bi shi, ƙasa tana girgiza har kan tudun.

Mantau ya lura dawakin Mazarga ba a warwatse suke gudu ba. Sun rabu layi uku, kowane layi yana bin wata siririyar hanya, doki bayan doki.

Ya ce, "Shi ke nan. Ramukan suna tsakanin layukan."

Bai rufe baki ba sahun gaba ya nutse. Dawaki suka kifa, na baya suka hau kansu. Waɗanda suka kauce wa ramuka suka faɗa taɓo har gwiwa, lifidi ya sha ruwa ya yi nauyi, doki ya kasa ɗaga ƙafa. Sai ƙaho ya yi kuka sau ɗaya daga cikin ciyawa, garkuwoyi suka miƙe a jere kamar an dasa su, bindigogi suka tashi gaba ɗaya. Dawakin Gwaraka ba su taɓa jin ƙarar albarushi kusa haka ba, suka yi ta tsalle suna zubar da mahayansu. Bayan hayaƙin kibau suka biyo. Barde yana zaune a kan doki tsaye cik, da takobi a hannu, ba wanda zai sara, kibiya ta zo ta same shi a wuya.

Sa'an nan Mantau ya ga tutar Sarki tana sauka cikin fadamar da sahu na biyu.

Nomau ya ce, "Sarkin Baka, me ake ciki?"

Mantau ya sauko. Fushin da ke cinsa ya kai har ba ya jin hannuwansa. Wani sashe na zuciyarsa yana cewa ya zauna ya yi gadin kaya yadda aka umarce shi, su sha abin da suka dama. Amma ya san abin da zai biyo baya, don ya taɓa gani daga ɗaya ɓangaren. Ƙaho na biyu zai sako dawakin nan ƙanana, su bi masu gudu suna sara har sansani, daga nan har ganuwar Gwaraka ba abin da zai tsaya musu.

Ya ce, "Tara mutane. A sauke taikunan hatsi daga jakuna, a jera su a bakin mashigar nan, a bar ƙofa uku da doki zai iya wucewa."

Nomau ya ce, "Ka tuna abin da Sarki ya ce."

"Na tuna. In ya rayu sai ya yanka ni."

Shekara shida Mantau yana fita da maharbansa daji da sunan farauta, yana koya musu tsayawa a sahu da jin ƙaho. 'Yan karma ne ba su taɓa yi ba. Ya bi su yana kama kafaɗa yana durƙusar da su a bayan taikuna, garkuwa tana taɓa garkuwa, mashi ya leƙa ta sama. Ya ce musu, "Aikinku ɗaya, kada ku tashi. Ko dokin Sarki ne ya nufo ku, ku nuna masa ƙofa, kada ku tashi." Ya sa maharba ɗari uku a bayansu sahu biyu, ɗari kuma ya ba Nomau ya hau da su gefen kwazazzabo.

Masu gudu suka fara isowa, wasu a kan doki, wasu a ƙasa sun yar da sulke. Wani barde ya nufo sahun kai tsaye ido rufe, Mantau ya ɗana kibiya ya harbe dokin a ƙirji, ya faɗi taku goma kafin garkuwoyi. Ya daka tsawa, "Ta ƙofa. Wanda ya taka mini mutum yau, shi zan harba, ba dokinsa ba." Daga nan kowa ya nemi ƙofa.

A bayansu dawakin Mazarga suka taso, sun tabbata babu sauran mai tsayawa. Mantau ya bari har ya ga fararen idanun dawakin, sa'an nan ya busa ƙahonsa. Sahun farko ya saki ya durƙusa, na biyu ya saki, Nomau ya zubo nasa daga gefe. Sau uku suka kawo hari, sau uku suka koma suna barin gawa. Wasu 'yan karma suka miƙe za su bi su, Mantau ya mangare na kusa da shi da gindin baka ya mai da shi ƙasa.

Tsakanin hari na biyu da na uku ne aka hango Sarki. Dokinsa ya mutu, kibiya ta shige masa cinya, zagage biyu suna jan sa cikin ciyawa. Mantau ya tura masu garkuwa goma sha biyu suka kewaye shi, maharba suna rufa musu, aka shigo da shi ta ƙofar tsakiya.

Da la'asar ƙahon Mazarga ya yi kuka mai tsawo, rundunarsu ta ja da baya a jere, ba wanda ya tsaya kwasar ganima. Mantau ya tsaya yana kallonsu, haushi da sha'awa suna cinsa lokaci guda.

Aka kwantar da Sarki a gindin tsamiya, aka cire kibiyar. Galadima ya zagaya ya dawo ya ce barade ɗari da tamanin ne suka hau tudun, dawaki masu iya tafiya ba su kai ɗari ba. Ana cikin haka Madawaki ya iso a ƙasa, taɓo har gemu, babu kwalkwali. Babban ɗansa yana cikin waɗanda suka nutse a sahun gaba. Bai ko gai da Sarki ba, ya nuna Mantau.

Ya ce, "Zaki, tambaye shi yadda ya san da ramuka tun muna gida. Tambaye shi wa ya gaya wa Mazarga ranar fitowarmu. Ya sayar da mu, sa'an nan ya karya umarninka don ya fito da farar fuska. Ka yi alkawari a gaban majalisa. A cika shi yanzu."

Hakiman da suka tsira suka goyi bayansa, don kowannensu yana bukatar wanda zai ɗora wa wannan rana kafin a isa gida. Dogarai biyu suka matso da igiya, suna duban Sarki. Sarki bai ce a yi ba, bai ce a bari ba.

Mantau ya ji wata 'yar ƙara a bayansa, irin wadda ya sani tun yana yaro, ƙarar tsirkiya in an ja ta. Ya waiwaya. Maharba sun kewaye tsamiyar, kowa da kibiya a ɗane, 'yan karma suna gabansu a durƙushe da garkuwa. Ba shi ya ba da umarni ba. Nomau yana tsakiyarsu.

Dogarai suka tsaya. Madawaki ya dubi hagu ya dubi dama, ya ga mutum ɗari da tamanin ne gare shi, yawancinsu ba makami.

Mantau ya san kalma ɗaya daga bakinsa za ta gama da fadawan nan duka, da masu dama da masu hagu. Ya ji daɗin sanin haka fiye da yadda ya so. Ya daɗe bai yi magana ba, da gangan, har sai da ya ga gumi yana bin taɓon fuskar Madawaki. Sa'an nan ya ce, "Ku sauke. Don Mazarga aka tanadi kibiyoyin nan, ba mu da na ɓarnatarwa."

Aka sauke a hankali. Ba wanda ya mayar da kibiya cikin kwari.

Sarki ya yunƙura ya jingina da itacen. Ya dubi sahun mutanen da bai san sunan ko ɗayansu ba, ya dubi hakimansa. Ya ce, "Sarkin Baka, kwana nawa kafin su iso ganuwa?"

"Za su binne matattunsu, su jira albarushi. Kwana tara, ranka ya daɗe. Ba sa gaggawa."

"Za a iya tsare garin?"

"In kowa zai ji ƙaho ɗaya."

"Na wa?"

Mantau ya ce, "Nawa. Da dawakin da suka rage, da masu hawansu, da Madawaki. Wanda ba shi da doki ya ɗauki garkuwa ya shiga sahu. Gobe da safe za a fara, a nan kan tudun, kafin mu kama hanya."

Madawaki ya ce, "Zaki, ba za ka yarda a yi wa gidanmu haka ba."

Sarki bai dube shi ba. Ya zare zoben yaƙi, alamar mai jan runduna, daga yatsansa ya miƙa wa Galadima, Galadima ya taka har gaban Mantau ya sa masa a hannu, a gaban kowa. Mantau bai faɗi ya yi godiya ba. Ya juya ya karɓi garkuwar wani ɗan karma da aka kashe, jini bai gama bushewa a jikinta ba, ya jefa ta a gaban Madawaki.

Ya ce, "Sahun farko, na uku daga dama. In an busa sau ɗaya, durƙusawa ake yi."